Mabiyiya Da Likitan Da Ya Ƙidaya Haihuwa A Zariya

Kowane ɗayanmu da rakiya ya zo duniya. In jariri ya faɗo, mata ba su sakin jiki su yi barka sai abin da ke biye da shi ya fito, watau mabiyiya, wadda waɗansu ke kira uwa. Ungozoma ta yanke cibi, a wanke mabiyiyar, a haƙa rami a bayan ɗaki a binne, shi ke nan ba mai sake tunawa da ita. Amma in ta ƙi fita, ko ta fito ta bar saura a ciki, nan da nan gida ya rikice, a shiga neman mota. Tun daga Azare har Gamawa da Zaki da wuya a sami zuriyar da ba ta taɓa ganin irin wannan dare ba.

Darasinmu na wannan karo a kan wannan nama ne da mu ke binnewa ba mu san aikinsa ba, da kuma wani likita ɗan ƙasarmu, Farfesa Kelsey Harrison, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana binciken jinin mata masu ciki, ya kuma zauna a Zariya ya ƙidaya haihuwa sama da dubu ashirin da biyu don ya gane abin da ke kashe uwaye. Kada wani ya ce wannan zancen likitoci ne, ina ruwan malamin makaranta. In kun bi mu har ƙarshe za ku ga lissafin nasa a ƙofar aji ya tsaya.

Bari mu fara da ita mabiyiyar. Don kada mu rikice, a nan in mun ce mahaifa muna nufin jakar nan da ɗa ke kwance a ciki, mabiyiya kuwa abin da ke manne da bangonta. Mutane da yawa suna zaton mabiyiya naman uwa ce. A'a, ta ɗan ce, daga ƙwan nan guda da ya zama jariri ta ke tsirowa. Kamar mako guda da shigar ciki, ƙwan ya kan maƙale a bangon mahaifa, sashensa na waje ya shiga tura saiwoyi cikin naman uwa, kamar yadda kauci ke kama reshen itace yana sha daga jikinsa. Sa'ad da ciki ya isa haihuwa ta zama faffaɗa kamar ƙaramin faifai, faɗinta wajen santimita 20, nauyinta wajen rabin kilo, watau kimanin kashi ɗaya cikin shida na nauyin jaririn. Igiyar cibiya da ke haɗa su tsawonta wajen santimita 50 ne, da jijiyoyin jini uku a cikinta. Biyu suna kwashe jinin da ɗan ya gama amfani da shi su kai mabiyiya, ɗaya tana komo masa da shi sabo.

Ku lura da wannan sosai, domin nan ne ɗalibai su kan faɗi a jarrabawa: jinin uwa ba ya gauraya da na ɗa. Ku tuna da fadamar kogin Jama'are a watan Agusta, ruwa ya malala, itatuwa suna tsaye a cikinsa. Ruwan shi ne jinin uwa, wanda ke kwararowa ya cika waɗansu ƙananan tafkuna cikin mabiyiya. Saiwoyin da ke jiƙe cikin ruwan su ne na ɗa, jininsa yana gudu a cikinsu, wata fata da ta fi bayan albasa rashin kauri ta raba tsakani. Ta cikin fatar nan iskar numfashi da sukari da sinadarin ƙarfe ke ratsawa su shiga jinin ɗa, ƙazantar jikinsa kuma ta ratso ta komo wa uwa ta fitar. Ashe ke nan mabiyiya ita ce huhun ɗan tayi, ita ce hanjinsa, ita ce ƙodarsa. Da za a warware saiwoyin nan duka a shimfiɗa, sai su rufe daɓen ɗaki mai mita 3 da mita 4. Ita ce kuma ke fid da sinadarin da a ke gani a fitsari a ce mace ta ɗauki ciki. A watanni uku na ƙarshe ta kan kwaso kariyar cuta daga jinin uwa ta ba ɗa, dalilin ke nan da a ke yi wa mai ciki allurar ciwon nan na sandarewa da ke shiga jarirai ta cibiya. Uwa a ke yi wa allura, ɗa ya sami tsari.

Irin wannan aiki yana bukatar jini mai yawa. Gab da haihuwa, jinin da ke bi ta mahaifa a minti ɗaya ya fi rabin lita, watau ya fi cikin ledar ruwan nan da a ke sayarwa a tasha. To, ku kwatanta abin da zai faru in mabiyiya ta saki bango, mahaifa kuwa ba ta tsuke ta matse jijiyoyin ba. Cikin sa'a biyu, ko ƙasa da haka, mace mai lafiya ta kan iya rasa ranta. Don samun wannan jini, tun a rabin farko na ciki ƙwayoyin mabiyiya su kan kutsa cikin ƙananan jijiyoyin uwa su buɗa su, su mai da su kamar bakin mazurari. A 1972 wani likita ɗan Beljiyam, Ivo Brosens, da abokan aikinsa suka nuna cewa a jikin matan da jininsu ke hawa lokacin ciki, wannan buɗawa ba ta cika ba. Mabiyiya ta ji yunwar jini, sai ta saki abubuwan da ke ɓata jijiyoyin uwa, fuska da hannu su kumbura, kai ya yi ta sara, daga nan sai jijjiga. Sau da yawa a ƙauye a kan ce iska ce ta buge ta, a tafi neman hayaƙi. Alhali kuwa tushen ciwon yana nan manne a bangon mahaifa.

Yanzu sai mu komo kan likitan. An haifi Kelsey Harrison a 1933 a Abonnema, wani gari na bakin ruwa a ƙasar da yau ta ke Jihar Ribas. Ya yi karatu a kwalejin gwamnati ta Umuahia, ya shiga jami'ar Badun, ya ƙarasa a Landan inda ya zama likita a 1958. Ya komo Badun ya kama aiki a sashen mata da haihuwa, ƙarƙashin wani Bature shehun malami, John Lawson.

Abin da ya tarar a can shi ne mata masu ciki da a ke kawowa jini ya ƙare musu, ido fari fat, tafin hannu kamar takarda, ƙafa a kumbure, numfashi sama-sama. Kowa zai ce magani a fili ya ke, a ƙara mata jini. Amma fa a nan gizo ke saƙa. Zuciyar irin wannan mace ta riga ta gaji da gudu, in aka ɗura mata kwalbar jini sai kayan ya fi ƙarfinta, ruwa ya taru a huhu, ta mutu a hannun masu ceto. Dabarar da likitocin Badun su ke yi a lokacin ita ce musaya, ana zuƙe nata jinin ta hannu ɗaya ana zuba sabo ta ɗayan. Tana aiki, sai dai tana cin jini da yawa da gwanaye da yawa, ba ta yiwuwa a ƙaramin asibiti. Harrison ya zauna ya yi ta auna yawan jinin da ke jikin irin waɗannan mata, ya ga inda matsalar ta ke. Sai suka gwada tace jinin a zubar da ruwansa, a ba mace jajayen ƙwayoyin kaɗai a hankali, a haɗa da wani magani mai sa fitsari nan take, domin ruwan da ya yi yawa ya fita ta ƙoda kafin ya kai huhu. Suka buga sakamakon a 1971. Ko yau in an kai mai ciki asibiti jini ya ƙare, da wannan hanya a ke ƙara mata, ko da ya ke maganin fitsarin da a ke amfani da shi yanzu wani ne dabam. Ni a ganina ko da ya tsaya nan ya ci abincinsa.

A 1972 ya zo Zariya ya zama farfesan sashen mata da haihuwa a Jami'ar Ahmadu Bello. Nan ya ga abin da ya fi na Badun tsanani: yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ta kwana uku tana naƙuda, an ɗauko ta a bayan akori-kura, ɗa ya mutu a ciki, wata mahaifa ta fashe, wata kuma in ta tsira ta koma gida da yoyon fitsari. Kowane likita yana da labarin da zai bayar, amma ba wanda ke iya cewa su nawa ne, daga ina su ke, me ya bambanta su da waɗanda suka haihu lafiya. Labari kuwa ba ya motsa gwamnati. Sai ya ƙudurta zai ƙidaya.

Daga farkon 1976 zuwa tsakiyar 1979, duk macen da ta haihu a asibitin jami'ar a Zariya an rubuta ta. Shekarunta, tsawonta, cikinta na nawa ne, ta je awo ko ba ta je ba, ta yi makaranta ko ba ta yi ba, yawan jininta, yadda ta haihu, nauyin jaririn, wa ya rayu wa ya mutu. Ba a tsallake kowa ba, har aka tara haihuwa 22,774 a jere. Ku da ku ke kiran suna kowace safiya kun san wahalar riƙe rajista ɗaya ta wata uku ba tare da giɓi ba, balle shekara uku da rabi, dare da rana, a ɗakin haihuwa. Ungozomomin asibiti da ƙananan likitoci su suka ɗauki nauyin nan, sunayensu kuwa ba su shahara ba. Lissafin kansa ya ci shekaru, tare da taimakon wani masanin ƙididdiga, Charles Rossiter, sai a 1985 mujallar likitocin mata ta Ingila ta buga rahoton, ta ware masa fitowa guda sukutum mai shafi sama da 100.

Ga abin da aka samu. Uwaye 238 suka mutu, watau kusan mace ɗaya cikin kowace ɗari. Amma da aka raba su, sai ga 219 daga cikinsu matan da ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Su kuwa waɗannan marasa awo kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na matan duka. Cikinsu mutuwa ta kusa 29 a kowace 1,000. Cikin masu zuwa awo ba ta kai 2 a kowace 1,000 ba. Asibiti ɗaya, likitoci ɗaya, gari ɗaya.

A nan sai mai karatu ya yi hattara, kada lissafi ya ruɗe shi. Wadda ba ta zuwa awo ba ta zuwa asibiti sai in ta ga mutuwa, 'yar'uwarta da ta haihu lafiya a ɗaki ba ta shiga rajistar ba. Saboda haka ba daidai ba ne a ce awo kaɗai ya rage mutuwa ninki ashirin, ba kuma daidai ba ne a ɗauki lissafin asibiti a ce na dukan ƙasar Zazzau ne. Abin da lissafin ya nuna a fili shi ne, cututtukan da ke kashe matan nan, doguwar naƙuda da jijjiga da zubar jini da ƙarancinsa da ruɓewar mahaifa, likitoci sun san maganinsu, jinkiri ne ke mai da su ajali. Haɗarin ya fi yawa a gefe biyu, ga 'yan mata ƙanana masu cikin fari, da matan da suka haihu da yawa shekaru sun ja. Gajerun mata kuma sun fi shan wuya wajen naƙuda, domin ƙugunsu ya kan yi wa kan ɗa kaɗan.

Sa'an nan sai ya tambayi rajistar wata tambaya: su wane ne ke zuwa awo? Sai ga shi macen da ta zauna a aji, ko da firamare ce, ta fi zuwa awo, ta fi zuwa asibiti da wuri, ɗanta ya fi nauyi, ita da shi sun fi tsira. Galibin waɗanda suka mutu ba su taɓa shiga makarantar boko ba. Ba wai karatu ne ke buɗe ƙugu ba. Yarinyar da ke makaranta ta kan ƙara shekaru kafin aure, jikinta ya gama girma. Tana iya karanta katin asibiti, ta san ranar komawa. Kunyar cikin fari, wadda ke sa yarinya ta ɓoye ciwo ta yi shiru har naƙuda ta yi nisa, ba ta kan ɗaure bakinta kamar wadda ba ta fita ba, tana iya buɗa baki ta ce wa miji ko uwar miji a kai ni. Tun daga nan har ya bar aiki Harrison bai daina faɗin magana ɗaya ba, cewa ilmin kowa da kowa, musamman mata, shi ne ginshiƙin rage mutuwar uwaye. Abin mamaki, a shekarar da ya fara ƙidayar, 1976, aka kafa Jihar Bauchi, a cikinta kuma aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Shekara guda bayan haka aka kafa kwalejin horon malamai a Azare.

Akwai wani reshe na binciken da ya fi ba ni sha'awa, shi ne kuma ya komo da mu kan mabiyiya. A Zariya akwai wani masanin jini, Alan Fleming, wanda shi ma ya taɓa aiki a Badun. Shi da Harrison da Nimi Briggs da waɗansu suka ɗauki Hausawa mata 200 masu cikin fari suka kasa su kashi biyar. A zuwan farko, 45 cikin ɗari suna da ƙarancin jini, 27 cikin ɗari kuma akwai ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jininsu. Kashi ɗaya ba a ba su magani mai aiki ba. Sauran huɗun aka ba su kulorokwin sau ɗaya, kana wata ƙwaya ta rigakafin zazzaɓi kullum, aka ƙara wa waɗansu ƙwayar ƙarfe, waɗansu folik asid, waɗansu duka biyun. Kashin da ba a ba magani ba jininsu ya yi ta raguwa, har sai da aka cire bakwai daga gwajin aka yi musu magani. A yau ba za a yarda a bar mai ciki haka ba don gwaji, kuma daidai ne, amma da sakamakon irin wannan gwaji aka kai ga hana shi. An buga shi a 1986.

Abin da ba wanda ya zata shi ne, da aka riƙa auna tsawon 'yan matan nan, sai aka ga da yawa cikin ƙananan da suka sha maganin zazzaɓi da na ƙarin jini suna ƙara tsawo alhali suna ɗauke da ciki, waɗansu santimita 2, waɗansu fiye da haka nesa ba kusa ba. Watau jikinsu bai gama girma ba, zazzaɓi da ƙarancin jini ne suka danne shi, da aka ɗauke nauyin sai ya miƙe. Yarinya da ɗan da ke cikinta suna girma tare, daga tukunya ɗaya su ke ci, mabiyiya ce mai rabo.

Me ya sa zazzaɓin sauro ya fi kama mai cikin fari? Yarinyar da ta tashi a ƙasar Katagum ta sha zazzaɓi damina bayan damina, jikinta ya saba, ta sami kariya. Ta ɗauki ciki, sai kariyar ta zama kamar babu. Tun a 1925 waɗansu likitoci biyu a Saliyo, Blacklock da Gordon, suka duba mabiyiya da madubin likita suka ga ta cika maƙil da ƙwayar cutar, alhali a jinin yatsan uwar sau da yawa ba a ga kome ba. A zamanin da Harrison ke Zariya an san haka, amma ba a san dalili ba. Sai a 1996 Michal Fried da Patrick Duffy, suna aiki a yammacin Kenya, suka gano shi. Ƙwayar cutar in ta shiga jan ƙwayar jini ta kan fid da wani abu kamar danƙo a bayansa, don ya manne a wani wuri kada jini ya kai shi saifa a hallaka shi. Akwai irin danƙon da ba ya kama ko'ina sosai sai jikin saiwoyin mabiyiya. Yarinyar da ba ta taɓa ciki ba jikinta bai taɓa gamuwa da wannan iri ba, don haka ba shi da makaminsa. Ƙwayoyin su taru a tafkunan nan da muka ambata, su cushe su, abinci ya ragu, ɗa ya fito ƙarami, jinin uwa kuma ya yi ta ƙonewa, wani lokaci ko zafin jiki ba ta ji. A ciki na biyu da na uku jiki ya riga ya koyi yaƙin, abin ya yi sauƙi. A 2003 Ali Salanti da abokansa a Kofanhegan suka gano ainihin danƙon, an kuma yi gwajin farko na allurar rigakafinsa a kan mutane, har da ƙasashen Benin da Burkina Faso.

Kulorokwin dai ya daina cin ƙwayar cutar a ƙasarmu, an bar shi. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara tun 2012 shi ne, daga mako na 13 na ciki a riƙa ba mace maganin nan da aka fi sani da Fansidar a wurin awo, wata-wata, aƙalla sau uku, ko tana jin zazzaɓi ko ba ta ji, ta kuma kwana cikin gidan sauro, ta sha ƙwayar ƙarin jini. Damina a Azare ta fi ta Zariya gajarta, amma daga Agusta zuwa Oktoba sauron fadama ba ya ragawa kowa. Cikin farin da ya ratsa waɗannan watanni shi ya fi bukatar tsaro.

Rahoton Zariya ya fito a kan gaɓa. A shekarar, 1985, masana sun fara ƙorafi cewa shirye-shiryen lafiyar uwa da yaro sun manta da uwar, yaron kaɗai a ke kallo. Rahoton ya ba su hujja mai lamba, daga Afirka, daga hannun ɗan Afirka. A Fabrairun 1987 aka yi babban taro a Nairobi aka ƙaddamar da shirin haihuwa lafiya na duniya. Shi kuwa Harrison ya riga ya bar Zariya tun 1981 ya koma jami'ar Fatakwal, inda ya zama shugabanta daga 1989 zuwa 1992.

Ba kowace maganarsa aka karɓa da daɗi ba. A lokacin hukumomin duniya sun ɗora begensu kan horar da ungozomomin gargajiya, a ba su almakashi da sabulu da 'yan makonni na koyarwa. Tun 1980 ya rubuta cewa wannan ba zai rage mutuwa ba, domin ungozoma kome gwanintarta ba ta iya fiɗa, ba ta iya ƙarin jini, ba ta iya tsai da jijjiga. Aka ce ya cika tsanani. Kafin ƙarshen shekarun 1990 hukumomin da kansu suka juya suka ce lalle sai ƙwararriyar ma'aikaciya da asibitin da ke iya aikin gaggawa. Ya yi gaskiya, sai dai ni ina ganin kada mu wuce gona da iri. A ƙauyen da ke bayan Madara ko Chinade, ƙarfe biyu na dare, tsohuwar nan ita ce a kusa. Abin da ya kamata ta sani shi ne iyakarta: naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta ba a haihu ba, mabiyiyar da ta wuce rabin sa'a ba ta fita ba, jinin da ya jiƙa zane ya ƙi tsayawa, waɗannan na mota ne, kuma kada a ja igiyar cibiya da ƙarfi.

Yau abubuwan da likitocin Zariya ba su da su a 1976 suna nan kusa da mu. A Azare akwai babban asibitin Gwamnatin Tarayya, a 2021 kuma aka kafa jami'ar tarayya ta ilmin kiwon lafiya a garin. A Ningi akwai cibiyar ƙasa ta gyaran yoyon fitsari. Jijjiga ma an sami allurarta mai araha, magnesiyam salfet, wadda wani gwaji na mata sama da 10,000 a ƙasashe 33 ya nuna a 2002 cewa tana rage aukuwarta da fiye da rabi. Duk da haka, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya ce a Nijeriya uwaye 1,047 ke mutuwa a kowace haihuwa 100,000. Ku raba 238 da 22,774 ku gani, za ku sami kusan wannan lamba. Na asibiti ɗaya ne da ke karɓar mafi munin haihuwa fiye da shekara arba'in da suka wuce, wannan kuwa ƙiyasin ƙasa ne baki ɗaya.

Wanda zai koyar da wannan darasi a aji, ga lissafin nan ya ishi 'yan aji shida aikin kashi cikin ɗari, ya kuma tambaye su dalilin da ya sa ba za a ɗauki lambar asibiti a ce ta gari ce ba. Don nuna mabiyiya kuwa ba sai an je asibiti ba. In akuya ta haihu a unguwa, a roƙi mai ita, a sa safar hannu ko leda, a shimfiɗa mabiyiyar a kan buhu a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Yara za su ga ta akuya ba faifai guda ba ce kamar ta mutum, ƙulle-ƙulle ne masu yawa a warwatse jikin fata, kowane ɗaya da jijiyoyinsa da ke tafiya zuwa cibiya. Shingen da ke tsakanin jinin akuya da na ɗanta ya fi namu kauri, kariyar cuta ba ta ratsa shi, saboda haka ɗan akuya ya kan fito ba shi da tsari ko kaɗan sai ya sha dakashin uwarsa a ranar farko. Kowane makiyayi ya san wanda bai sha ba da wuya ya yi rai. Ɗan mutum ya kan fito da guzurin da mabiyiya ta ba shi, amma na hanjinsa a dakashi ya ke, wannan ruwan nono mai kauri na kwanakin farko da waɗansu gidaje har yanzu su ke matsewa su zubar.